Dalilin da ya sa muke matsa wa kan suna da mazaunin fayil ɗin gwaji

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa aka dawo maka da aikinka aka ce ka sauya wa fayil ɗin gwaji suna da mazauni, alhali gwaje-gwajen da ka rubuta sun gudana lafiya a kwamfutarka. Tambayarka tana kan hanya, sai dai a wannan sana'a sunan fayil ɗin gwaji yana cikin aikin, domin da shi ne injin gwaji yake gane abin da zai gudanar da abin da zai tsallake.

Dubi pytest, injin gwajin da muke amfani da shi a harshen Python. Muddin ba a taɓa saitinsa ba, fayilolin da yake nema su ne waɗanda sunansu ya fara da test_ ko ya ƙare da _test.py, a cikinsu kuma ya ɗauki ayyukan da sunansu ya fara da test. Kai kuwa gwajin_lissafi.py ka sa wa naka. Ya gudana a wurinka ne saboda ka kira shi da sunansa kai tsaye, amma da sabar, wato babbar kwamfutar da ke gwada duk aikin da aka tura, ta zo gudanar da gwaje-gwajen gaba ɗaya, sai ta wuce shi ba ta ce uffan ba, sakamako ya fito da launin kore, alamar komai ya ci, kowa ya ɗauka lissafin yana da mai gadi. An yi ba a yi ba ke nan. Pytest yana ƙorafi da lambar fita 5 idan bai samu gwaji ko ɗaya ba, amma idan fayil guda ne ya ɓace cikin ɗaruruwa, ba zai sanar da kowa ba. Gwajin da ya faɗi yana kiran mutum ya zo ya gyara, wanda ba a gudanar ba kuwa yana iya yin shekara a kwance.

Sauran harsuna ma haka abin yake. Go ba ya ɗaukar fayil a matsayin gwaji sai sunansa ya ƙare da _test.go, Maven na harshen Java yana duba src/test/java, Jest na JavaScript kuma yana neman foldar __tests__ ko fayilolin da suka ƙare da .test.js ko .spec.js. Al'adar ta daɗe, domin JUnit, kayan gwajin Java da Kent Beck da Erich Gamma suka fara a 1997, ta kalmar da suna ya fara da ita yake gane gwaji, har zuwa lokacin da JUnit 4 ya zo da alamar @Test a 2006.

Game da mazauni, ƙa'idarmu ita ce foldar gwaji ta bi sawun foldar kod: idan kod yana src/kudi/lissafi.py, gwajinsa yana tests/kudi/test_lissafi.py, ta yadda wanda bai taɓa ganin aikin ba zai kai gare shi ba tare da ya tambayi kowa ba. Wasu suna ajiye gwaji kusa da kod ɗinsa, kamar yadda ake yi a Go, kuma ban ga aibun hakan ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a gauraya tsarin biyu a aiki ɗaya. Haka nan muna raba ƙananan gwaje-gwaje masu sauri da waɗanda suke taɓa rumbun bayanai ko intanet, saboda idan aka haɗa su, jira yakan yi tsawo har mutane su daina gudanar da su kafin su tura aiki.

A cikin fayil ɗin, kowane gwaji ya bi matakai uku: a shirya bayanai, a aikata abin da ake gwadawa, a tabbatar da sakamako. Sunansa kuma ya faɗi abin da ake sa rai, misali test_cire_kudi_fiye_da_ajiya_yana_kawo_kuskure, domin ranar da ya faɗi, sunan ne farkon abin da mai gyara zai karanta. Ka kiyayi kwafar gwaji ka manta ba ka sauya masa suna ba, domin a Python na biyun yana shafe na farkon, kuma sai da mai duba kod irin flake8, a gargaɗinsa na F811, ake kama wannan. Kayan shiri da gwaje-gwaje suke tarayya a kai suna zama a fayil ɗin conftest.py na foldar da ke buƙatarsu, kada a jibge su duka a na can sama.

Duk wannan ba ya ɗorewa idan takarda kawai aka rubuta, domin mai duba aiki yakan gaji, sabon ma'aikaci kuma bai karanta ba. Shi ya sa muke ɗora wa na'ura tilastawar. Pre-commit, shirin da ke bincikar kod a kwamfutarka kafin a adana sauyi, yana da abin dubawa mai suna name-tests-test da ke ƙin fayil mai karkataccen suna a foldar tests, mu kuma muka ƙara ɗan gajeren shiri da ke bin foldar kod yana neman takwaran kowane fayil. Dole a maimaita wannan binciken a sabar, tunda ana iya tsallake na kwamfuta da --no-verify. Sai dai ka lura, na'ura kasancewar fayil kawai take gani, ba ta san ko akwai gwajin kirki a ciki ba, wannan kuwa yana nan a wuyan mai duba aiki.

Yanzu ka mayar da fayil ɗin tests/kudi/test_lissafi.py, ka gudanar da pytest --collect-only ka ga gwaje-gwajenka a jeri, sannan ka ɓata lissafin da gangan ka tabbatar sakamako ya koma ja, alamar gwaji ya faɗi. Idan ya koma, ka gyara ɓarnar ka sake turo aikin.