Yaushe ya kamata a ɗauki mai tace bidiyo?

Ɗan'uwa daga Ringim, ka ce kana ɗora bidiyon noman riɗi da shinkafa a YouTube, kana tambaya ko lokaci ya yi da za ka biya wani ya riƙa yi maka editin.

A ganina da saura, in dai tashar ba ta fara kawo kuɗi ba. YouTube ba ya ba ka kason talla sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kuma mabiya 1,000 da kallo miliyan 10 na gajerun bidiyoyi (Shorts) cikin kwana 90. Kafin nan manhajojin tace bidiyo irin su CapCut ko KineMaster a wayarka sun wadatar.

Damina ce za ta nuna maka. In aikin gona ya kankama, bidiyoyi suka taru a waya, ga caji sai an kai shago, har aka fara noman farko bidiyon shuka bai fita ba, to nemi mataimaki. Ku yi ciniki kan kowane bidiyo, ban da albashin wata. Kuma ya zama na kusa, wanda za ka miƙa wa memori hannu da hannu, domin tura manyan bidiyoyi Kano da sabis ɗin ƙauye data kawai zai cinye maka.