Igiyar kafaɗa ta riƙe wando a ƙarƙashin riga

Ɗan'uwa, ka ce bel yana matse maka ciki, wandon kuma bai fasa zamewa ba, kana neman abin da zai riƙe shi ba tare da an gani ba. Igiyar kafaɗa ta roba ce maganin, wadda ake sawa bisa singileti, a ɗora riga a kai. Kada ka sa ta a fata kai tsaye. Da zufa ta zo za ta goge maka kafaɗa har ta yi ja.

Ka nemi mai faɗin santimita 3 zuwa 4. Siririya tana nutsewa cikin nama. Mai maƙali biyu, ɗaya a kowane gefen ƙugu, ta fi ɓoyuwa, ga sauƙin ɓallewa idan za ka zaga. Mai huɗu ta fi riƙo, amma na bayan sukan danne ka in ka jingina da kujera.

Inda ake samun matsala shi ne maƙalin. A yadi mai santsi yakan suɓuce, mai haƙoran ƙarfe kuma yana cinye bakin wando, don haka ka zaɓi wanda aka sa wa roba a baki. Abin da ya fi ƙarko shi ne tela ya ɗinka maɓallai shida daga cikin ƙugun, huɗu gaba, biyu baya, ka sayi igiya mai kafar maɓalli.

Ƙarfen daidaita tsawo ya sauko ƙasa da ƙirji, in ba haka ba zai fito ta jikin riga. Rigar kuma a sake ta, ba a cusa ta cikin wando. Ruwan zafi da guga suna kashe robar.