Kan sayar da hannun jarin aro

Malam, ka tambayi me ake nufi da sayar da hannun jarin aro a kamfanin SPAC, wato kamfanin da ake kafawa don a tara kuɗi sannan a haɗe shi da wani kamfani daga baya. Kamar ka ari buhun gero a kasuwar Daura da damina ka sayar da tsada, in kaka ta yi ka sayo da araha ka mayar. Haka ake yi da hannun jari, kuma jimillar aron da ba a mayar ba tukuna ana wallafa ta sau biyu a wata a Amurka.

Amma SPAC kamfani ne fanko, kuɗinsa a ajiye suke, yawanci dala 10 kowane hannu, mai hannun jarin na iya karɓar kuɗinsa kafin haɗaka, don haka da wuya farashin ya faɗi ƙasa da hakan sosai. To ina ribar mai aron da ke jiran faɗuwar farashi? In farashi ya haura kuwa, asararsa ba iyaka. Ni dai ba na kusanta.