Amsa ga mai tambaya kan kafa fanka a ɗakin kwanan jirgin ruwa

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka tun bayan Azahar, sai yanzu na sauko daga kan wani rufi a Mabera na samu zama. Ka ce ƙanenka yana aiki a Legas a kan jirgin ruwa mai filafilai, irin wanda iska ke turawa, maigidansa ya sa shi ya nemo fankokin da za a sa a ɗakin kwana, kana son sanin wace iri za a saya da inda za a kafa su. Kafin in dawo Sakkwato in kama aikin sola, na yi shekara shida ina haɗa wutar irin waɗannan jirage a can, don haka abin da hannuna ya taɓa zan gaya maka.

Ka ja masa kunne kada ya huda ko'ina ranar da ya sayo fankar. Ya ja mata waya ta wucin gadi, ya kwanta a gadon yadda mai jirgin ke kwanciya, wani ya riƙe masa ita yana gusar da ita sannu a hankali har ya ji iskar ta sauka a ƙirjinsa da wuyansa. Nan zai ɗaure ta da igiya, a kwana biyu da ita a haka. In an tashi ba wanda ya yi kuka da ƙara ko ciwon wuya, sai a ɗauko sukuru. Fankoki da yawa na tarar an kafa su inda ya yi wa ido kyau, suna ta hura bango, mai gadon kuma yana jiƙe sharkaf.

Dalili kuwa, fanka ba ta sanyaya iska, zufar jiki take busarwa. Mu nan a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, amma iskarmu busasshiya ce, shi ya sa in ka jiƙa zane ka rataya gaban fanka kake samun sa'ida. Wannan dabarar ba ta aiki a bakin teku. Iskar can cike take da laima, zufa ba ta son barin fata, dole sai iskar ta bugi jiki kai tsaye. Ƙaramar fanka kuma hucinta ba ya nisa, in ta wuce taku biyu daga mutum kusan ado ce.

Gadon gaba na irin jiragen nan yana tsukewa ta wajen hancin jirgi, can ƙafafu ke zuwa, kai yana wajen faɗi. Ni nakan kafa fankar a gefe, sama da kafaɗa kaɗan, tana kallon ƙafa, iskar ta bi tsawon jiki. Kada ta dubi fuska, da safe mutum zai tashi da busasshen ido da toshewar hanci. Hannu ya riƙa kai wa makunninta daga kwance. In mutum biyu ke kwana a gadon, kowa da tasa, domin wanda ke jin sanyi da asuba ba lallai ne shi ne na kusa da makunni ba.

Sai ya lura da hanyar da iska ke bi a jirgin. In an jefa anga, wato ƙarfen da ake sakawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi wuri guda, jirgi yakan juya hancinsa ya fuskanci iska, sai dai in igiyar ruwa ta fi ta ƙarfi, abin da kan faru a Legas lokacin da ruwa ke cika ko janyewa. Iska na shiga ta tagar rufin gaba, ta ratsa ɗakuna, ta fita ta ƙofar baya. Fankar falo ta tura ta wannan hanyar, kada ta tare ta. Ranar da ake ruwan sama aka rufe tagogi, a nan za a san amfanin guda ɗaya da ke kusa da ƙofar baya tana fitar da huci waje.

Akwai kuskuren da na yi da farko, har yau yana damuna. Na kafa wata a saman mashigi, inda ake wucewa. Jirgi mai filafilai ba kamar kwalekwalen da muke gani a Kwalkwalawa ba ne, in iska ta cika filafilan kishingiɗa yake yi gefe guda, mutum kuma duk abin da hannunsa ya samu shi zai cafka. Wani dattijo ya cafki fankar, ta karye, ta yanke shi a goshi. Tun daga ranar ba na kafa fanka daidai kan mutum ko kusa da marikin hannu.

Wurare uku ya nisanta. Kusa da kamfas, wato na'urar da allurarta ke nuna arewa, domin motar fanka tana da maganaɗisu, tana iya karkatar da allurar, ya bar tazarar mita ɗaya ko fiye. Saitin murhun gas, domin za ta kaɗa harshen wutar ko ta kashe shi gas na ci gaba da fita. Da kuma akwatin batir ko inda ake ajiye fetur, saboda batir mai ruwan asid yana fitar da iskar da tartsatsi kaɗan ke kunnawa lokacin caji.

Maganar iri, ya sayi mai aiki da wutar batir kai tsaye, bolt 12, ba sai an bi ta inbata ba. Wadda na fi sawa ita ce Sirocco ta kamfanin Caframo na Kanada: tana juyawa kowane ɓangare, gudu uku gare ta, tana da agogon kashe kanta, kuma ana naɗe ta ta kwanta jikin bango in ba a bukata. Hella Turbo ma tana da juriya, gudu biyu ne, sai dai a kunnena ta fi ƙara. Fankokin caji da muke sayarwa a kasuwa nan za su yi don gwajin wuri, amma iskar gishiri ba ta barin su su daɗe.

Cin wuta ba abin tsoro ba ne. Sirocco a gudun ƙarshe wajen amfiya 0.35 take ja. A awa takwas ta sha amfiya-awa 2.8 ke nan daga batir, guda huɗu kuwa 11 da ɗoriya. Batir mai amfiya-awa 100, ko da rabinsa kawai ake taɓawa kamar yadda ya kamata ga mai ruwan asid, bai ma ji an taɓa shi ba. Firji ne ke cinye batir a jirgi.

Inda ba na sassauci shi ne waya. Wayar gida da muke ja a Runjin Sambo ta shekara ashirin lafiya lau, a teku kafin shekara ta zagayo sai ka feɗe ta ka tarar silin ya yi baƙi ko kore. Ya nemi mai sili da yawa wadda aka shafe jan ƙarfenta da kuza, kowane haɗi a matse shi da kan waya a rufe da robar da ake gasawa ta kama, ban da murɗawa da salatif. Ƙaramin fiyus ya zauna kusa da inda aka ɗebo wutar, ba kusa da fankar ba, don waya yake karewa.

Wajen ɗaurewa, sukurun ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, a katakon da ya raba ɗakuna. Ya auna kaurin katakon, ya leƙa bayansa ko akwai waya ko bututu. Kada ya kuskura ya huda jikin jirgin ko rufinsa, yawancin rufin nan akwai katako mai laushi a tsakanin faiba biyu, ruwa na samun ƙofa zai fara ruɓar da shi ba a gani.

Ka ce ya turo hoton gadon daga wajen ƙofa, da na allon makunnai, da rubutun da ke jikin batirin. In na gani zan yi masa alama a kan hoton, in sha Allahu.