Hannun mutum-mutumin da na saya yana danƙo, mai kaya ya ce in shanya shi a rana

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi odar ƙaramin mutum-mutumi na rezin (wata irin roba da ake zubawa tana ruwa ta daskare) daga Turai, sojan Rumawa mai tsawon milimita 75, wanda ake haɗawa a yi wa fenti. Da na buɗe kwalin sai na tarar mashin ya lanƙwashe, akwai 'yan ramuka a haɓa da kan yatsu, layin haɗi kuma ya goce a kan hular ƙarfen. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hannun hagu mai riƙe da garkuwa: yana danƙo yana maiƙo, na wanke shi sau biyu amma maiƙon yana dawowa. Mai kayan ya ce haka rezin yake, in jiƙa shi a tina (ruwan tsinka fenti), in shanya a rana kwana biyu, in fesa firaima (fentin shimfiɗa na farko). Wani kuma ya ce in saka shi a oben. Kuɗin da na kashe ba kaɗan ba ne, ga wa'adin mayar da kaya ya kusa cika. Jabu aka sayar mini? Zai gyaru?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin komai ajiye tinar nan, kada kuma ka taɓa hannun da wuƙa ko sanfefa. Daga lokacin da ka yanke ko ka jiƙa, ka ba mai kaya hujjar cewa kai ka ɓata shi. Abubuwa huɗu ka lissafa, uku daga ciki ƙananan laifuffuka ne, ɗaya ne ba ya da magani.

Mashin ba matsala ba ne. Siririn rezin yana lanƙwashewa idan an ciro shi daga mazubi (abin da ake zuba shi a ciki ya ɗauki siffa) da ɗumi, ko ya sha zafi a hanya, kuma kayan da suka yi kwanaki a cikin motar dillanci a irin ranarmu ba sa rasa wannan. Tsoma shi a ruwan zafi mai digiri 60 zuwa 70 na daƙiƙa 20 zuwa 30, miƙe shi a kan tayil, ka tsoma a ruwan sanyi kana riƙe da shi. In ya sake komawa bayan mako guda, yanke sandar ka musanya ta da wayar tagulla mai kauri ɗaya.

Ramukan kuwa suna ba da labarin wanda ya yi zubin, in ka iya karanta su. Rami ɗaya ko biyu a haɓa, kan hanci ko yatsa, iska ce ta maƙale a wurin da mazubin bai da hanyar fitar da ita. Masu aiki da tsari suna barin zubin ya daskare cikin tukunyar matsin iska a kan psi (ma'aunin ƙarfin matsi) 40 zuwa 60, kumfar ta matse har ido ba ya ganinta. In ƙuraje ka gani a maimakon ramuka, 'yan ƙwallaye manne a lungunan tufafi, to kumfar tana jikin silikon ɗin mazubin ne tun ranar da aka yi shi, rezin ya shiga ya cike ta. In kuma ka goge wuri ka tarar da ƙananan huji birjik kamar soso, danshi ne ya shiga kwaɓin: ɗaya daga sinadarai biyu da ake haɗawa a yi rezin yana haɗuwa da ruwa ya fitar da iskar kabon, kumfa ta tashi daga ciki. Wannan na uku ba ya cikuwa, kana toshe goma ashirin na buɗewa. Naka na farko ne. Buɗe bakin ramin da tsinin wuƙa domin yawanci cikinsa ya fi bakinsa faɗi, ɗiga sufa gulu ka barbaɗa bekin soda, ko ka cusa Milliput (wani kwaɓin cike rami da ke taurarewa), ka goge da sanfefa mai lamba 600 a jiƙe. Ko manyan kamfanoni ba su tsira daga kumfa ba. Lokacin da kamfanin mutum-mutumi na Games Workshop da ke Nottingham ya fito da kayansa na rezin mai suna Finecast a 2011 domin maye gurbin na ƙarfe, koke-koken ramukan iska ne suka cika bakin masu saye.

Gocewar layi a hula na nufin ɓangarori biyu na mazubin ba su zauna daidai ba, ko an ɗaure su da ƙarfi har silikon ya murɗe. A ra'ayina ma'aunin mai sauƙi ne. Idan gocewar ta bi wuri mai santsi kuma ba ta kai rabin milimita ba, kankare ta da bayan wuƙa. Idan ta ratsa ido, kunne ko zanen sulke, wannan sassaƙa ce sabuwa za ka yi, kuma ba don ita ka biya kuɗi ba.

Yanzu ga hannun. Maganar "shanya shi a rana zai bushe" ita ce ƙaryar da ta fi yawo a wannan harka, kuma masu faɗarta da ƙarfin hali su ne waɗanda ba su taɓa auna kwaɓi ko sau ɗaya ba.

Maiƙo iri biyu ne. Akwai man da ake fesa wa mazubi domin zubi ya fito ba tare da ya manne ba. Wannan a saman fata yake, ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin goge baki suna cire shi, kuma in ya tafi ya tafi. Akwai kuma maiƙon da ke tsatsowa daga cikin jikin rezin. Rezin na zubi ruwa biyu ne, A da B, da yawa ana haɗa su ɗaya bisa ɗaya, wasu da awon kofi wasu da sikeli. Ba bushewa yake yi kamar fenti ba, ruwan biyu ne suke cin juna su zama abu guda mai tauri. Mai zubi yana da mintoci 3 zuwa 7 kacal kafin kwaɓin ya fara kauri, shi ya sa masu gaggawa ke yin kuskure: awo ya karkace, ko ba a girgiza galan ɗin ba abin cikinsa ya kwanta, ko ba a kankare gefen kofi da gindinsa ba wajen juyawa, ko kayan sun tsufa a shago. Duk wanda ya faru a ciki, sakamakon ɗaya ne: wani kaso na ruwan ya rasa abokin haɗuwa, ya zauna a cikin zubin yana ruwa har abada. Tun ran gini ran zane. Abin da bai haɗu a kofi ba, rana ba za ta haɗa shi ba.

Daga ina jita-jitar ta samo asali? Daga rezin ɗin injin buga abubuwa na 3D. Shi wannan haske ne ke daskarar da shi, don haka in ya fito da danƙo aka wanke shi da alkohol aka sa a rana, yana ƙara tauri. Sai mutane suka ɗauki hukuncin wancan suka ɗora wa wannan don kawai sunansu ɗaya. Maganar oben ma tana da ɗan tushe: masu zubi sukan gasa kayan da aka kwaɓa daidai a wajen digiri 65 na wasu sa'o'i domin ƙara musu ƙarfi, a cikin tanda da aka keɓe wa aikin. Gyara ne ga lafiyayyen zubi. Ga wanda awonsa ya karkace, zafi ƙara koro maiƙon waje yake yi.

Abin bai tsaya ga asarar kuɗi ba, shi ya sa nake tsawaita magana. Ɗaya daga ruwan biyu yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda aka san shi da jawo borin fata da asma ga masu aiki da shi. Mugun halinsa shi ne, da zarar jiki ya kamu da ƙinsa, ɗan kaɗan ma ya isa ya tayar da ciwon daga baya. Ba ka da hanyar sanin wane ruwa ne ya yi rara a hannun da ke gabanka, don haka ɗauke shi a matsayin mai cutarwa. Ka duba abin da masu ba da shawarar ke sa mutane yi. Tina da asiton suna tausasa rezin, su narko da abin da ke ciki zuwa yatsunka. Oben ɗin girki wurin abincin iyali ne. Akwai ma masu cewa a bi saman da wutar laita wai ta ƙone danƙon, alhali hayaƙin wannan rezin in ya ƙone yana ɗauke da aisosayanet da iskar kabon mai kisa har da sayanaid. Wasu kuma su kama shi da sanfefa a bushe ko injin gurza a cikin ɗaki, ƙurar ta bi labule da katifa, yara na shaƙa. Ko lafiyayyen rezin ba a goge shi a bushe: a jiƙa sanfefa, a sa takunkumi mai tace ƙura irin N95 ko FFP2, a share teburi da jiƙaƙƙen tsumma. Balle wanda bai daskare ba.

Firaima kuma ba ta rufe asiri. Za ta kwanta lafiya kwana biyu, ka zauna ka yi makonni kana fentin fata da garkuwa, sai wata rana ka ga wurin yana ƙyalli, fentin ya yi laushi yana biyo yatsa. Mai kayan ya san haka, ya kuma san kafin lokacin wa'adin koke ya wuce.

Ga yadda za ka tabbatar a kwana ɗaya. Sa safar hannu ta naitiril, wanke hannun sau ɗaya da kyau, bar shi ya bushe sa'a 24 a kan farar takarda a wurin da iska ke shiga. Tabon mai a takardar ko dawowar ƙyalli ya gama magana. Danna farce a kan ragowar mashigar zubi (guntun rezin da ya rage inda aka zuba kwaɓin), ba a jikin aikin ba: lafiyayye ba ya ɗaukar shaidar farce, kuma yana karyewa ƙas, marar lafiya yana lotsawa. Duba launi ma, jirwaye ko wani sashe mai duhu alamar kwaɓi bai juyu ba ne. Tunda ka riga ka wanke sau biyu ya dawo, ina kyautata zaton ka san amsar.

Batun jabu: danƙo kaɗai ba ya tabbatar da shi, kamfanin asali ma yakan yi mummunan zubi. Masu kwafi daga kayan da aka riga aka zuba suke yin mazubinsu, don haka sai ka ga layin haɗi biyu kusa da juna, na asali da nasu. Kayan yana ɗan motsewa har kai ko hannu ya ƙi zama a gurbinsa, zanen gashi da ɗinki ya dushe, farashi kuma ya faɗi ƙasa warwas. Guntun silikon mai launi maƙale a lungu, ko lungun da ya cike da dunƙulen rezin, alamar tsohon mazubi ne. Mazubin silikon 'yan gomomin zubi yake ɗauka kafin ya fara yagewa, kuma mai son riba ba ya son yin sabo.

Rubuta koken yau. Ɗauki hoton kowane laifi da rula a gefe, da hasken fitila daga gefe guda domin ramuka su fito, haɗe da hoton tabon takardar da lambar oda da takardar jikin kwalin. Nemi a musanya hannun kaɗai, ka ambaci hular in gocewar ta taɓa zane, domin kamfanonin kirki sun saba aika ɓangare guda ba tare da sun nemi a mayar da kwali ba. In ta kasuwar intanet ka saya, buɗe koken a cikin manhajar kafin wa'adi ya cika, kada ka yarda a ja ka zuwa hira ta gefe ana "bari mu tuntuɓi ma'aikata" har kwanakin su ƙare. In suka dage sai ka aika kayan Turai da kuɗinka, wanda zai iya fin kuɗin hannun, nemi a mayar maka da wani kaso na kuɗin. Hannun kuma ƙulle shi a leda, ka ajiye inda yara ba sa kaiwa har a gama shari'ar, sannan ka jefar da shi a ƙulle, ba cikin sharar da za a ƙona ba.