Tambaya da Amsa: Hanyar da 'Ya Mace ke Bi ta Zama Ƙwararriyar 'Yar Ƙwallo

Assalamu alaikum. 'Yata shekarunta 16, tana buga gaba a wata ƙaramar ƙungiya a unguwarmu. Wani mutum ya ga wasanta ya ce zai kai ta Turai ta samu kulob, amma sai na ba shi kuɗin biza da na jirgi da na "buɗe hanya". In sayar da filina in biya?
*Wani uba daga Lafiya, Jihar Nasarawa*

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka taɓa filin nan. Sashe na 19 na dokar sauya sheƙa ta FIFA ya hana kulob ɗin wata ƙasa yi wa ɗan wasa rajista sai ya cika shekara 18, mace ko namiji. Akwai 'yan togaciya, misali idan iyaye sun koma ƙasar da zama saboda dalilin da bai shafi ƙwallo ba, kuma babu wadda ta shafe ku. Gwaji kam ya halatta daga kakar da ta cika 16, amma da rubutaccen izininku, kuma kulob ɗin ne ke cike fom ɗin gwajin ya shigar a tsarin FIFA tun kafin ta tashi. Dokar ta kuma hana karɓar kuɗi a kan gwaji. Saboda haka ka nemi abu biyu a wurin mutumin: lasisinsa na dillancin 'yan wasa na FIFA, da takardar gayyata. In ya kawo takardar, ka bar lambar da ya ba ka, ka tuntuɓi kulob ɗin ta adireshin da ke shafinsu na intanet. Yawanci a nan ne irin wannan mutumin ke daina ɗaga waya.

Dubi yadda waɗanda suka isa suka bi. Asisat Oshoala ta fara a FC Robo ta Legas, ta koma Rivers Angels ta Fatakwal, ta ci ƙwallo 7 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Kanada a 2014, sannan Liverpool ta ɗauke ta a Janairun 2015 tana da shekara 20. Chiamaka Nnadozie ma daga Rivers Angels ta tafi Paris FC a 2020. Gasar gida ce ta fito da su, tawagar matasa ta ƙasa ta nuna su ga duniya. Kai da ke Lafiya ma faɗuwa ta zo daidai da zama, tunda ƙungiyar ƙwallon mata ta Nasarawa Amazons a garinku take. Sai 'yarka ta nemi gwaji a can, ta ci gaba da karatu har ta gama sakandare. Sannan ka tabbata ranar haihuwarta iri ɗaya ce a takardar haihuwa da NIN da fasfo. Duk mai cewa a "gyara" mata shekaru, rami yake haƙa mata.

Ina atisaye na juya da sauri, sai na ji ƙas a gwiwa, kafin dare ta kumbura. Yanzu sati uku, kumburin ya sauka, koci ya ce in ɗaure in dawo. In dawo?
*'Yar wasa daga Yola*

A'a, ƙanwata, kada ki dawo. Ƙara a gwiwa lokacin juyawa ba tare da karo da kowa ba, ga kumburi cikin 'yan sa'o'i, alamomi ne na tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa da likitoci ke kira ACL, kuma mata 'yan ƙwallo sun fi maza samun wannan rauni nesa ba kusa ba. Abin da ke ruɗar mutane shi ne ciwon yana lafawa, a yi tafiya lafiya lau har da sassarfa. Ranar da aka yanke kwana da ƙwallo sai gwiwa ta zame, ta yaga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa, rauni ɗaya ya zama biyu. Ɗaurin mai ɗori ba ya haɗa wannan jijiya, hoton ƙashi na yau da kullum ma ba ya nuna ta. Ki ga likitan ƙashi ya gwada gwiwar da hannu, ya tura ki hoton MRI, wanda ke nuna jijiyoyi. In ta tsinke kuma kina son ci gaba da ƙwallo, galibi tiyata ce, sannan wata 9 zuwa 12 na gashi da ƙarfafa cinya kafin wasa. Ki duba kwantiraginki yau, ki ga wa aka rubuta zai biya kuɗin magani.

Ga kocinku: akwai tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+, minti 20 ne, aƙalla sau biyu a mako, ba ya buƙatar kayan aiki na musamman. Cikinsa akwai koyon dirowa daga tsalle da gwiwa a lanƙwashe tana kallon yatsun ƙafa, ba ta faɗa ciki ba.

Mahaifiyata ta yarda in buga amma da sharaɗin ba zan buɗe kaina ba. Alƙalin wasa zai bar ni?
*Ɗaliba daga Zariya*

Zai bar ki, 'yata. Tun 2014 dokar wasa ta amince da rufe kai, kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya ta 2023 da hijabinta. Sharaɗin shi ne ya zama baƙi ko launin rigarku, kada a ɗinke shi da riga, kada ya kasance da fil ko wani abu mai tsini ko lelo da za a iya fizga. Dogon wando mai kama jiki a ƙarƙashin gajeren ma ya halatta, in launinsa ya dace da na gajeren, kuma duk wadda ta sa a ƙungiyarku launi ɗaya za ta sa. Ki kai wa Hajiya kayan ta gani a jikinki kafin ranar wasa.