Garantin Baki a Cinikin Mota

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Samaru, Zariya, kuma ina shirin sayen tokumbo ƙirar Toyota Corolla ta 2012 a wurin wani mai sayar da motoci a Sabon Gari. Ya ce ya ba ni garantin wata guda a kan inji da giya, amma da na nemi a rubuta sai ya ce tsakanin Musulmi magana ta wadatar. Dillali kuma ya ce har yanzu akwai garantin kamfani a kanta. Yaya zan yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Maganar dillali ba ta da tushe. Garantin da Toyota ke bayarwa a Amurka shekara 3 ne ko tafiyar mil 36,000, na inji da giya kuma shekara 5 ko mil 60,000, duk wanda ya riga cika. Motar 2012 ta wuce waɗannan tun tuni, kuma da yawa daga cikin motocin da ake shigowa da su an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta cinye.

Abin da ya rage maka shi ne alkawarin mai motar, kuma shi ne ya cancanci a tsaya a kansa. Cewa magana ta wadatar ba koyarwar addini ba ce, domin aya ta 282 cikin Suratul Baƙara ta yi umarni da kafa shaidu idan ana ciniki. A fiƙihun Malikiyya mai saye yana da damar mayar da kaya idan ya gano aibin da ke tare da su tun kafin ciniki wanda ba a bayyana masa ba, sai dai a gaban alƙali za a nemi hujjar cewa aibin tsoho ne, kuma a nan ne mai motar zai ce kai ka tuƙa ta babu ruwa a lagireto har inji ya buga.

Saboda haka ka dage a rubuta, kuma kada ka yarda da "inji da giya" kawai. Takardar ta faɗi ranar da garantin zai fara da ranar ƙarewarsa, ta faɗi ko shan baƙin mai, hayaƙi, zafin inji da fizgar giya suna ciki, sannan ta bayyana wanda zai biya kuɗin kaya da ladan makanike, da garejin da za a kai motar. Wannan na ƙarshe yana jawo rigima fiye da yadda ake zato, domin wasu suna soke alkawari da zarar wani makanike daban ya taɓa motar. A rubuta lambar shasi mai harufa da lambobi 17 da abin da mitar nisan tafiya ke nunawa a ranar, shaidu biyu su sa hannu, kuma kada dillali ya zama ɗaya daga cikinsu tunda la'adarsa tana rataye da cinikin. Idan rigima ta taso da kamfani mai rajista, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ita ma rasiti da takarda za ta fara tambaya.

Kafin ka biya, ka je da makanikenka da sassafe a tayar da motar tana sanyi, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ƙara da hayaƙi. A sa mata na'urar kwamfuta mai gano matsalar mota, a ɗaga kafet a duba ko akwai tsatsa ko busasshen laka, sannan ku hau titin Kano daga Kwangila ku yi tafiya mai ɗan nisa da na'urar sanyaya iska a kunne, har giyar ta shiga dukkan matakanta. Ka kuma gwada lambar shasin jikin motar da ta takardun kwastam, domin garantin inji ba zai hana a kama ta a hanya ba.